Littafin da ya hana ni barci, ya kuma bar ni da damuwa

Ƙanwata ce ta ɗora ni a kan A Court of Thorns and Roses, littafin da marubuciya 'yar Amurka Sarah J. Maas ta fitar a 2015. Cewa ta yi, "Yaya, in kin fara ba za ki ajiye ba." Ba ta yi ƙarya ba. A mako guda na gama shi da na biyunsa, A Court of Mist and Fury, mafi yawa a daren da nake aiki, bayan na gama zagayen ba da magani na ƙarfe biyu.

Labarin Feyre ne, 'yar shekara 19 da ke farauta don ciyar da mahaifinta da yayyenta biyu. Ta kashe wani kyarkeci, ashe ɗaya ne daga wasu halittu masu kama da aljanu. A madadin ransa, ubangidansa Tamlin ya tafi da ita ƙasarsu, inda soyayya ta shiga tsakaninsu.

Littafi na biyu ne ya taɓa ni. Feyre ta tsira daga azabar sarauniya Amarantha, amma ba ta warke ba. Tana farkawa cikin dare a firgice, tana amai, tana ramewa, gida cike da mutane ba mai tambayar ta abin da ke damun ta. Na san wannan fuskar. Na gan ta a kan matan da suka tsira daga hatsarin mota ko naƙuda mai wuya, jiki ya warke, ana ta yi musu barka, su kuwa barci ya gagare su. Da Tamlin ya kulle ta a gida da sunan kariya, marubuciyar ba ta yi masa ado ba, ta nuna zalunci ne.

Matsalata da Rhysand ce, wanda ya zama gwarzon labarin. A littafi na farko ya murɗa mata karyayyen hannu don ta amince da sharaɗinsa, ya riƙa ba ta giya mai gusar da hankali yana sa ta rawa a bainar jama'a. Daga baya aka ce duk don ya cece ta ne, sai magana ta wuce. Ni kam ta tsaya mini a rai. Na sha wanke raunin macen da ke ce mini, "Sista, ai don yana so na ne." Duk mai cutarwa yana da dalilinsa, kuma dalilin ba ya ɗinke rauni.

Na faɗa wa ƙanwata haka. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, labari ne fa." Na tambaye ta: da Rhysand mummuna ne, ba shi da mulki, za ta yafe masa? Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce za ta sake karanta wurin.

Ban hana ta karatu ba, tana jami'a, kuma hani ba ya aiki a zamanin da littafi ke cikin waya. Amma iyaye su sani, akwai bayanin kwanciya ƙarara a ciki, ba na 'yan sakandare ba ne. In 'yarki ta riga ta karanta, faɗa ba zai goge shi ba. Zauna ki tambaye ta wane ne ya burge ta a ciki, da dalili.

Na uku yana kan wayata. Zan karanta, amma ban yafe wa Rhysand ba tukuna.