'Yan uwana masu ɗaga ƙarfe, mu yi maganar allurar nan

Tun da Samson Dauda, haifaffen Najeriya mazaunin Ingila, ya lashe gasar Mr. Olympia a watan Oktoban 2024, hotonsa bai daina yawo a wayoyin samarinmu ba. Abin murna ne, ni ma na yi murna. Wuraren ɗaga ƙarfe na unguwa sun cika, daga masu na'urorin zamani har irin namu da ake zuba siminti a bokitin fenti a soka rodi a tsakiya. Yaron da zai je ya zauna a majalisar shaye-shaye ya zo ya yi gumi ya koma gida, wa zai ƙi wannan?

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan shi ne tambayar da sababbin zuwa suke yi yanzu. Na shekara fiye da goma ina ɗaga ƙarfe. A da yaro in ya zo, cewa yake, "Yaya, koya min." Yanzu sati biyu da farawa sai ya ja ka gefe ya rage murya: "Yaya, wace allura ce take sa ƙirji ya buɗe kafin Sallah?" Kuma wallahi akwai masu ba shi amsa, har da farashi.

Bari mu ware abubuwan da ake ɗura wa yaran nan, don ba ɗaya ba ne.

Na farko, sitiroyid mai gina tsoka, irin su Dianabol da allurar testosteron. Ba zan yi muku ƙarya ba, suna sa tsoka ta fito. Amma da zarar jiki ya ga sinadarin namiji yana shigowa daga waje, sai ya daina yin nasa. 'Ya'yan maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani ma nono ya fito masa kamar na budurwa. Jini ya hau, naman zuciya ya yi kauri, na haɗiya kuma su taɓa hanta. Saurayin da yake wannan wahala don 'yanmata su kalle shi, ya yi aure ya shekara uku yana zaryar asibiti neman haihuwa, ina riba?

Na biyu ya fi ba ni takaici, wato deksa, wadda ake sayarwa da sunan maganin ƙiba. Ita ma ana kiranta sitiroyid, amma danginta daban, likita na ba da ita ne don kumburi da asma da makamantansu. In aka daɗe ana sha, cinye tsoka take yi. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, ƙashi ya yi rauni, suga ya hau. Yaro ya hau sikeli ya ga ya ƙara kilo huɗu yana murna, alhali ruwa ne da kitse. An je neman ƙiba an samo rama ke nan. Kuma duk wanda ya daɗe a kanta, kada ya yanke rana ɗaya, ya je likita ya rage masa a hankali, don yankewar gaba ɗaya ma haɗari ce.

Na uku, Tramadol da magungunan ciwon jiki, "don kar a ji gajiya". Malam, zafin da kake ji a gwiwa ko a ƙugu saƙo ne jikinka yake aiko maka. Ka toshe masa baki, ka ci gaba da lafta nauyi, ranar da jijiya za ta tsinke ba za ka ji gargaɗi ba.

A watan Afrilun bara, cikin zafin nan da kwalta ke narkewa, wani yaro ɗan shekara 19 ya fara zuwa wurinmu. A kwana na uku ya ce sai ya yi duk abin da manya suka yi. Ashe ya haɗiyi ƙwaya tun daga gida, ga shi ba ya shan ruwa. Da ya koma jiki ya ɗaure, sai ya bi da diklofenak safe da yamma. Bayan kwana biyu fitsarinsa ya koma kalar shayi ba madara. Likita ya ce tsokarsa ce ta farfashe, abin da ya fito daga cikinta ya bi jini ya toshe ƙoda. Sai da aka yi masa wankin ƙoda, mahaifinsa ya sayar da babur ɗin da yake neman abinci da shi. Alhamdu lillahi ƙodar ta farfaɗo. Ba kowa ne yake samun wannan sa'ar ba. Don Allah ku riƙe wannan alamar: ciwon jiki mai tsanani da baƙin fitsari bayan motsa jiki, asibiti ake tafiya a ranar, ba kemis ba.

To, mene ne yake gina jiki? Abu uku ne, kuma babu wanda aka ɓoye a cikinsu.

Ƙarin nauyi kaɗan-kaɗan. Girkawa suna ba da labarin wani ɗan kokawarsu mai suna Milo, ba na shayi ba, wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wai kullum sai ya saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa, maraƙi na girma shi ma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar sa. Ko labarin almara ne, ƙa'idar gaskiya ce, kuma 'yan dakon Dawanau sun san ta ba tare da littafi ba: babu wanda ya fara da buhun masara ranar farko. Ka samu nauyin da za ka iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 da tsari mai kyau, zagaye uku. Ranar da 12 ta zame maka wasa, ka ƙara kilo ɗaya ko biyu. Ka rubuta a littafi. Ka riƙe manyan motsi: tsugunawa da ƙarfe a kafaɗa, ɗagowa daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, turawa daga ƙirji a kan benci, da jan jiki sama a sanda. A daina wannan ɗabi'a ta ƙirji da damtse kullum, a bar ƙafa kamar ta zalɓe. Kuma kar ka kwanta ƙarƙashin ƙarfe mai nauyi ba wani tsaye a kanka.

Sai abinci. Na san halin da ake ciki, tun cire tallafin mai a 2023 ƙwai ma ya zama na masu hali. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar furotin wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. In kilonka 65, giram 100 da ɗan ɗoriya ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, ka ga in da shi kaɗai za ka dogara sai ka ci 17, wa zai iya? Amma giram 100 na busasshen wake yana da wajen 23, gyaɗa wajen 25, waken suya wajen 36. Ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga alala da ƙosai, ga nono, ga busasshen kifi. Kuɗin da za ka ba mai allura, kai shi wajen mai awara da 'yar Fulani. Garin furotin na gwangwani ba dole ba ne, balle wanda ba ka san inda aka ɗura shi ba.

Sai hutu. Tsoka a wurin ƙarfe take shan wahala, a kan katifa take girma. Ka ba ɓangaren da ka wahalar kwana biyu kafin ka koma masa, ka yi barcin awa 7 zuwa 9. Wanda ya kwana yana kallon TikTok har ƙarfe biyu, ya tashi ya ce jikinsa ya ƙi fitowa, ba allura ce ta rage masa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma kwana biyu ko fiye a sati ta ce a riƙa motsa tsoka, tare da minti 150 zuwa 300 na irin su tafiya da sauri ko keke. Zuciya ma tsoka ce, a ba ta haƙƙinta.

In kuna son abin koyi, muna da shi a gida. A gasar Olamfik ta Beijing a 2008, Mariam Usman ta ƙare a ta biyar a ajin mata masu nauyi. Shekara takwas bayan nan aka sake gwada samfuran da aka ajiye, aka kama biyu daga cikin waɗanda suka sha gabanta da haramtattun ƙwayoyi, aka ƙwace lambobinsu, tagulla ta dawo hannun 'yar Najeriya. Shi kansa Samson da kuke liƙa hotonsa, shekara goma ya yi yana shiga gasa kafin ya kai can, kuma sana'arsa ke nan. Kai da kake zuwa bayan ka tashi daga shago ko makaranta, kar ka auna wata ukunka da shekarunsa.

Roƙona ga masu wuraren ɗaga ƙarfe da manyan da yara ke kallo: duk wanda ya shigo da sirinji a jaka, a nuna masa ƙofa, ko abokinka ne. Masu kemis, ku ji tsoron Allah, yaron da ya ce a ba shi maganin ƙiba ɗan wani ne. Iyaye, kar ku hana su zuwa, amma ku riƙa leƙawa, ku kula in fuska ta fara kumbura ko ƙuraje sun feso a baya ko fushi ya yi yawa. Ku kuma ƙannena, wanda ya riga ya fara allurar kar ya ji kunya, ya je a auna masa jini da ƙoda da hanta, ya gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Wanda yake da ƙani ko ɗa mai zuwa ɗaga ƙarfe, ya tura masa wannan. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya shirya mana zuri'a.