Ciwon Baya a Sabha

Wanda ya ƙetare hamada ya isa Sabha ba shi da wani jari sai gadon bayansa. Sabha ce babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, can motocin da suka taso daga Agadas, suka bi ta Dirku da Madama da Gatrun, suke sauke mutane. Tun zamanin ayarin raƙuma Hausawa suka san wannan ƙasa, gama ta Gat da Murzuk fatake suke bi da fatun Kano zuwa Tarabulus. Yanzu kuwa ƙarfi ake kaiwa. Da sassafe sai a ga leburori tsugune a bakin titi da shebur da diga, suna jiran mai mota ya tsaya ya ɗebi biyu ko uku zuwa gini ko gona. Buhun siminti kilo 50 ne, a ka ko a kafaɗa ake hawa bene da shi.

Akwai wani magidanci Kirista daga ƙasar Malumfashi, mai 'ya'ya biyar, wanda ya iso a 2017 ya sauka unguwar Gurda wurin 'yan garinsu. A 2021 ƙugunsa ya soma ciwo. Abokan ɗaki suka ce basir ne. Ai ga Bahaushe duk ciwon da ya sauka ƙasa da cibiya, in ba basir ba ne to sanyi ne. Ya sha jiƙo. Wani wanzami Badamagare ya yi masa ƙaho sau uku. Ya shafa man zafi har fatarsa ta saɓule, wani tsoho kuma ya yi masa lalas da ƙarfe. Kowanne ya ba shi sauƙi na ɗan lokaci. Kada a ce wauta ya yi. Yawancin ciwon baya yakan lafa da kansa cikin 'yan makonni, sai maganin da aka sha a ƙarshe ya kwashe yabo.

Sa'an nan ya koma kantin magani, daga ƙwaya zuwa allura, har ya kai ga tiramol. Wannan ƙwaya ita ce ta fi cutarsa, domin ta rufe bakin ciwon ta bar shi yana ta ɗaukar siminti. Ɗaya da safe ta zama uku a yini. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan ciwon baya mai daɗewa, ta ce kada a dogara ga irin waɗannan ƙwayoyi, gama haɗarinsu ya fi amfaninsu. Amma wa zai karanta wa lebura jagora a bakin titi?

Da ciwon ya sake hali, sai ya bar ƙugu ya gangara ta ɗuwawun hagu, ya bi ƙafa har babban yatsa, kamar an zuba garwashi. Wata rana silifas ɗinsa ya fita a hanya bai sani ba. A ɗan taron sujada da baƙi suke yi ran Jumma'a a cikin wani gida, gama ita ce ranar hutu a can, wata nas 'yar Gana ta lura da yadda yake jan ƙafar. Ta ce, “Baba, wannan ya wuce ƙwaya. Ka je a ɗauki hoton baya, babban hoton nan na shiga cikin na'ura.” Kuɗin hoton kaɗai ya cinye aikin makonni.

Ga abin da hoton ya nuna. Ƙasusuwan ƙugu guda 5 ne a jere, tsakanin kowane biyu kuwa akwai ɗan faifan guringuntsi mai taushi a ciki, kamar gammo. Nasa na tsakanin na 4 da na 5 ya tsage, abin da ke ciki ya fito ya danne jijiyar da take sauka ƙafa. Tun 1934 likitoci biyu a Boston ta Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana yadda ake fiɗa a cire wannan ɗan yanki. Likitan da ya duba hoton ya fara tabbatarwa ba tarin fuka na ƙashi ba ne, domin shi da magani na watanni ake korarsa. Daga nan ya faɗa masa gaskiya ta bakin tafinta. Wuƙa tana iya ɗage abin da ya danne jijiya, zafin ƙafa ya tafi. Ciwon ƙugun kansa, ba wanda zai yi masa alkawari. Mutane da yawa suna neman fiɗa don baya kawai yana ciwo, a yanka su, su tashi da ciwonsu. Shi kuwa ƙafarsa ta soma mutuwa, saboda haka nasa na aiki ne. Ya kuma gargaɗe shi, in fitsari ya tsaya, ko ya zubo ba da saninsa ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, wannan ba ya jiran gobe.

To, a ina za a yi? Tun faɗuwar Gaddafi a 2011, da yaƙin 2014, likitoci da nas-nas baƙi da yawa sun bar Libiya. Ɗan ƙasa mai hali yakan tafi Tunisiya. Baƙon da ba shi da takardar zama bai isa ya ƙetare iyaka ba, hanyar Tarabulus kuma ta fi kilomita 700, shinge bayan shinge. Ko da an yi a Sabha, akwai tambayar da ta fi wuƙar nauyi. Bayan fiɗa sai mutum ya yi makonni bai ɗaga kaya ba, aiki mai nauyi kuwa sai bayan watanni. A ɗakin maza takwas da kowa yake fita kafin hantsi, wa zai ɗebo masa ruwa, wa zai biya haya? Jinya aikin gida ce. Gida kuma yana bayan kwanaki a kan akori-kura, mutum na riƙe da sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo, tafiyar da takan karya mai lafiya ma.

'Yan'uwa suka rabu biyu. Waɗansu suka ce a ƙara azumi da addu'a, wanda aka taɓa wa baya ba ya sake tashi. Tsoron ba na banza ba ne, aiki kusa da jijiya yana da haɗari. Dattijon taron bai yi dogon wa'azi ba, ya tuna musu dai cewa Luka ma likita ne, ya ajiye tasa a tsakar ɗaki. Matarsa ta bugo waya ta ce, “Maigida, in kwanciya ce ka zo ka yi ta a nan.” Ta sayar da sa, ta jinginar da gona, zumuntar mata ta kawo nata baikon.

Ya rubuta sunansa wurin hukumar ƙaura ta duniya, IOM, wadda take mai da masu son komawa gida ta jirgin sama. Ya jira wata huɗu. Aka sauke su a Legas, ya kwana a bas zuwa Kano a kishingiɗe. A Asibitin Ƙashi na Dala, wanda yake aiki tun 1959, aka yi masa fiɗa a ƙarshen 2023. Da ya farka, garwashin nan na ƙafa babu shi. Ƙarfin yatsun bai dawo duka ba, gama jijiyar ta fi shekara a danne, ƙugun kuma yana tuna masa da kansa duk lokacin hunturu. Likita ya hana shi siminti har abada. Yanzu yana tsaron injin niƙa na wani ɗan'uwansa a kan kujera mai jingina. Gonar tana hannun mai jingina har wa yau. Babban ɗansa, mai shekara 19, ya roƙe shi lambar wayar mutanen Gurda sau biyu, bai ba shi ba tukuna.