Dabbobi Goma Sha Biyu a Kan Azurfa: Ziyara a Kasuwar Panjiayuan

Ranar Asabar da sanyin safiya na shiga kasuwar Panjiayuan da ke gundumar Chaoyang a birnin Beijing, inda ake hada-hadar kayan tarihi. Ko'ina tangaran ne da tsofaffin littattafai da duwatsun ado, jama'a kuwa ba masaka tsinke. Teburin wani dattijo ne ya tsayar da ni. Ya shimfiɗa jan ƙyalle, ya jera lambobin azurfa, kowacce cikin 'yar robarta.

Dabbobin kalandar gargajiyar Sinawa ne, goma sha biyu cif: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon Loong, maciji, doki, tunkiya, biri, zakara, kare da alade. Kowace dabba da shekararta. Tun 1981, shekarar zakara, Babban Bankin Sin ya fara buga sulallan zinariya da azurfa masu ɗauke da su. Dattijon ya nuna mini bambanci: sulalla na da adadin kuɗi a jikinsu, lambar tunawa kuwa ba ta da shi.

Ya miƙo mini gilashin ƙara girma, na duba wata lamba. Biri ne zaune a gadon bayan doki, gezar dokin sili-sili kamar iska na kaɗa ta. A Sinanci, kalmar biri, "hou", sautinta ɗaya da sunan wata tsohuwar sarauta, don haka hoton fatan samun muƙami ne nan kusa. Haka jemage yake nufin sa'a, kifi kuma yalwa, duk saboda kamannin sauti. Damisa ta kariya ce, shi ya sa ake ɗinka wa jarirai hula mai siffar kanta.

Ina nan tsaye wata tsohuwa ta zo neman doki, dabbar shekarar 2026, don jikanta. Ba ta tambayi nauyin azurfar ba sai da ta ƙare wa fuskar dokin kallo. Nan na gane cewa gaisuwa da fatan alheri ake saya a wannan teburi, azurfar mazubi ce kawai.

Mai karatu, in Allah ya kai ka Beijing, ka leƙa kasuwar nan a ƙarshen mako, ka sa a auna maka lamba a sikeli, kuma kada ka tafi ba ka tambayi ma'anar dabbar da ke kanta ba.