Kwana 12 a Tsibiran Bahar Rum: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Shekara uku ni da uwargida muka yi muna tarin kuɗin wannan tafiya. Ƙaninta da ke aikin jinya a ƙasar Malta ya daɗe yana yi mana tayin mu je mu ga wuri, mu kuwa kullum sai mu ce sai baɗi. Da dogon hutun makaranta ya zo, a ƙarshen watan Agusta, muka ɗaura niyya mu biyar: ni da ita, da babban ɗanmu mai shekara 19 da ke aji biyu a jami'a, da ƙanwarsa mai 14, da auta mai 8.

Ina da wani dalili da ban faɗa wa kowa ba. Wata shida kafin tafiyar na tsinci babban yana waya a zaure, yana ce wa abokinsa shi kam ko ta Libiya ce sai ya tsallaka Turai. Ban yi masa faɗa ba, domin na san faɗa ba ya cire abin da ya riga ya kwanta a zuciyar saurayi. Na dai ƙudura a raina cewa tekun nan da yake ambato da baki, sai ya gan shi da ido.

Tun daga neman biza muka fara ɗanɗana yadda ƙofar Turai take. Yuro 90 kowannenmu ya biya, auta 45, ban da takardun banki, da inshorar lafiya, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da makonnin jira cikin zullumi. Muka tashi daga Abuja, muka yada zango a Istanbul, muka sauka Malta da rana tsaka. Uwargida ta cika akwati guda da rigunan sanyi, tunda ai Turai za a je. Muna fitowa daga jirgi muka ci karo da rana irin ta Sakkwato da gumi irin na Legas.

Malta ƙaramar ƙasa ce. Faɗinta duka murabba'in kilomita 316 ne, tsawon babban tsibirin kuma kilomita 27, wato bai kai daga Kano zuwa Wudil ba, amma mutanenta sun haura rabin miliyan. Ta samu 'yanci daga Ingila a 1964, ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Babban birninta, Valletta, da dutse mai ruwan ƙasa-ƙasa aka gina shi tun daga 1566, shekara guda bayan rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta yi wa tsibirin ƙawanya ta kusan wata huɗu ba ta ci shi ba. Duk wanda ya tashi a gindin ganuwa zai gane tunanin maginansa da kallo ɗaya, domin tsoron hari ne ya tsara kowane lungu.

Abin da ya fi kama ni a Malta a kunne na same shi. Ranar Lahadi muka je kasuwar kifi ta Marsaxlokk, inda kwale-kwalen masunta ke jere da fenti shuɗi da ja da rawaya, kowanne an zana masa idanu biyu a goshi. Uwargida na tayin kifin da suke kira lampuki, sai ta ji mai kifin ta ce wa wata "tletin". Ta waiwayo ta ce, "Malam, talatin fa na ji ta ce." Haka ne kuwa. A harshensu arba'in erbgħin ne, hamsin ħamsin, sittin sittin. Ranakun mako kuma Tnejn, Tlieta, Erbgħa, Ħamis, Ġimgħa, Sibt da Ħadd. Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870, harshen Malta kuwa daga Larabcin wancan zamani ya tsiro, sai dai da baƙaƙen boko ake rubuta shi. Mutanen Kiristoci ne 'yan Katolika, amma Ubangiji Alla suke kiran Sa, azuminsu na kafin Ista kuma Randan. Kalmomin da suka ratsa Sahara a bakin malamai da fatake suka iso mana, su ne suka ratsa teku suka iso musu. Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Paola, wanda Gaddafi ya aza harsashinsa a 1978, sahu ya haɗa Balarabe da Basomale da ɗan Pakistan da mu.

Daga nan muka hau jirgin fito na minti 25 zuwa tsibirin Gozo. A can muka ga Ġgantija, ɗakunan bauta na manyan duwatsu da aka gina wajen shekara 3,600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato sun girmi dalar Masar. Muka ga ramukan gishiri da aka sassaƙa a kan dutsen gaɓa, ana tara ruwan teku rana ta ƙafar da shi, kamar dai yadda mutanen Bilma ke yi a tsakiyar hamada. A nan auta ta fara taɓa teku. Ta kamfata da hannu ta kai baki, ta tofar, ta tambayi wanda ya zuba masa gishiri haka. Bakin ruwan kuwa da rana ba wurin zuwan mai iyali irina ba ne, saboda shigar masu wanka. Muka samo dabara: bayan sallar asuba muke zuwa, lokacin da babu kowa sai tsofaffi da masunta, mu dawo kafin hantsi.

A rana ta shida muka shiga jirgin ruwa zuwa Sisili, wadda Larabawa ke kira Siƙilliya, tsibiri mafi girma a Bahar Rum. Tafiyar ba ta cika awa biyu ba muka sauka a Pozzallo. A gefen tashar akwai jiragen masu gadin teku, da wani gini mai shinge inda ake fara tsugunar da waɗanda aka ceto daga ruwa. Na ga babban ya tsaya yana kallon wurin, ni kuma na yi kamar ban gani ba.

Ga ɗalibin fiƙihu, Sisili ba baƙuwa ba ce. Wanda ya jagoranci rundunar Musulmi da ta sauka a tsibirin a 827 shi ne Asad ɗan Furat, alƙalin Ƙairawan, almajirin Imam Malik, wanda littafinsa ya zama tushen Mudawwana ta Sahnun da malamanmu ke ambato a zaure. Ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Siracusa, inda muka kwana biyu. A kusa da birnin ne aka auna zafi mafi tsanani a tarihin Turai, digiri 48.8, a watan Agustan 2021. Washegari muka hau dutsen Etna mai aman wuta, wanda tsayinsa ya haura mita 3,300. Mota ta kai mu wajen mita 1,900, ƙasa baƙa ƙirin kamar an zubar da gawayi, iska kuwa kamar ta tsakiyar hunturu. A nan rigunan sanyin uwargida suka yi rana, kuma har muka dawo gida ba ta bar ni na manta ba.

Palermo ta faɗa hannun Musulmi a 831, ta zauna a hannunsu har 1072 da Normawa suka karɓe ta. Sarakunan Normawa ba su kori ilimin da suka tarar ba. A fadar Sarki Roger na Biyu ne malamin nan Al-Idrisi ya kammala littafinsa da taswirar duniya a 1154, ya sa kudu a sama, arewa a ƙasa, ya kuma ambaci Kanem da Gao da tsohuwar Gana. A ƙofar babbar majami'ar birnin, wadda ta taɓa zama masallaci, har yau akwai ginshiƙi ɗauke da ayar Alƙur'ani. 'Yata ce ta fara hango rubutun, ta tsaya tana haɗa baƙi. Na ce wa yaran su lura, shekara kusan 900 da suka wuce, a wannan gari, an san da ƙasashenmu a matsayin wuraren zinariya da fatauci da sarauta.

A kasuwar Ballarò, tsakanin masu lemo da masu kifi, muna ciniki da Hausa a tsakaninmu, sai muka ji sallama daga baya. Wani saurayi ne ya ajiye amalanken kaya, ya rusuna ya ce, "Baba, sannunku da zuwa. Mama, ina wuni?" Ɗan zangon Kumasi ne. Muka ja shi wani shago muka zauna, ya ba mu labari ba tare da ya ƙara gishiri ba. Ta Agadas ya bi, a bayan a-kori-kura, kwanaki cikin hamada. Ya yi wata takwas a Libiya, rabinsu a kulle, sai da 'yan uwa suka sayar da fili suka aika kuɗin fansa. Jirgin roba suka hau cikin dare, su fiye da ɗari, kuma ba duka suka sauka ba. Yau shekararsa shida. Da kaka yana tsinkar zaitun, sauran watanni yana dako, su biyar a ɗaki ɗaya. Mahaifiyarsa ta rasu bara, bai samu zuwa ba, domin takardarsa ba ta ba shi damar fita ya dawo.

Ɗana ya tambaye shi, to hotunan da ake gani a Facebook fa? Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, motar da ka gan ni a jikinta, ko mai ita ban sani ba. Wa zai aika wa gida hoton amalanke?" Da za mu rabu na ba shi abin da ya sawwaƙa, ya ƙi karɓa. Abin da ya roƙa shi ne ragowar yajin da uwargida ta taho da shi.

Zangonmu na ƙarshe Lampedusa ne. Daga Porto Empedocle muka kwana a jirgin ruwa, wajen awa tara. Tsibirin murabba'in kilomita 20 ne kacal, mazaunansa kimanin 6,000, kuma ya fi kusa da Tunisiya, mai nisan kilomita 113, a kan Sisili. Ban taɓa ganin ruwa mai kyan na gaɓar da suke kira Tsibirin Zomaye ba, garau har kana ƙirga duwatsun ƙasa, kuma a yashinsa kunkurun teku ke zuwa yin ƙwai. Ba nisa da wannan gaɓa, ranar 3 ga Oktoban 2013, jirgi ya kife da baƙin haure, mutum 368 suka mutu, akasarinsu 'yan Eritiriya, suna hango fitilun gari. A watan Satumban 2023 kuwa, cikin kwana biyu, mutum kusan 7,000 suka sauka a nan, sun fi masu garin yawa. Ƙididdigar hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa daga 2014 zuwa yau fiye da mutum 30,000 ne suka mutu ko suka ɓace a wannan teku.

A kudancin tsibirin akwai wata ƙofa da aka gina a 2008, tsayinta wajen mita biyar, ana kiran ta Ƙofar Turai. Ba ta da bango ko ƙyaure, ta dai tsaya ita kaɗai tana fuskantar Afirka. Daga nan muka wuce maƙabartar gari, inda akwai kaburburan da ba su da suna. Muka yi musu addu'a ba mu san ko su wane ne ba, ba mu san addininsu ba. Uwargida ta ce, kowane ɗaya a nan akwai uwar da har yanzu take zabura in waya ta yi ƙara. Da yamma muka koma bakin ruwa auta na wasa da yashi, ni kuwa na kasa sakin jiki. Abin da ya raba ɗana da na cikin kabarin nan hatimi ne guda a fasfo, wanda na samu saboda ina da albashi da suruki a Malta.

Ba na cikin masu ɗora wa matasa laifin duka. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya ga yayansa ya gama digiri da hidimar ƙasa ya shekara biyar a gindin bishiya, ya ga gonar ubansa ta gagari noma saboda 'yan bindiga, ba hauka ce ke sa shi kallon arewa ba. Turai ma tana da nata kason, domin gonakinta na buƙatar hannun da ofisoshin bizarta ke korewa, kuma tsakanin buƙatar da korar ne masu safarar mutane ke cin kasuwa. Mu iyaye kuma mu binciki kanmu. Sau nawa muke yi wa ɗa gori da ɗan maƙwabci da ya aiko da kuɗin gini, ba mu tambayi me ya gani a hanya ba? Waɗanda suka isa kuwa, bashin gaskiya na kansu, su riƙa faɗa wa ƙannensu yadda abin yake.

A daren ƙarshe, muna zaune a tashar jiragen ruwa, ɗana ya ce, "Baba, na san dalilin da ya sa ka kawo ni nan." Na yi shiru. Ya ce, "Teku kam na fasa. Amma ban fasa son fita ba." Na ce ban hana shi ba, Bahaushe bai taɓa tsoron tafiya ba, kakanninmu sun kai Gwanja da Tarabulus da Makka a ƙafa. Ya gama karatunsa, ya nemi gurbin ƙaro ilimi ko aiki, ya shiga ta ƙofa da sunansa a rubuce. Ya gyaɗa kai, can kuma ya ce, "To in na gama, ƙofar ba ta buɗe ba, gida ma babu aiki fa?"

Na tsallaka teku da shi domin in ba shi amsa, sai ga shi ya dawo da ni gida da tambayar da ba ni da amsarta. Ba kowane uba ke da halin kai ɗansa Lampedusa ba, shi ya sa na rubuta abin da muka gani. Tambayar tasa kuwa na miƙa ta ga waɗanda muka zaɓa, daga kansila har shugaban ƙasa, domin akwai dubban irinsa da ke yin ta a zaurukan Kano da Damagaram da Kumasi, kuma direbobin Agadas ba sa jinkirin ba su amsa. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya tsare mana waɗanda suka rage.