Gizago da Inji: Makomar Sassaƙa a Gangara

Sassaƙa tana ɗaya daga cikin tsofaffin sana'o'in Hausawa, kuma a ƙasar Gobir ba a raina ta, domin babu gidan da ya wadatu da barin masassaƙi. A Gangara, cikin yankin Sabon Birni, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin nan da Isa, shi ke fitar da turmi da taɓarya da akushi da ƙota da allon almajiri. Kayan aikinsa gatari ne da gizago, amma jarinsa na gaskiya shi ne sanin itace. Ya san ƙirya ce ke jure daka, ya san aduwa ce ke ba da allo, ya kuma san lokacin da ice ya bushe har ya isa a taɓa shi ba tare da ya tsage ba.

A zamanin nan wata irin sassaƙa ta ɓullo a birane da ƙasashen Turai, watau wadda ake yi da inji mai aiki da lantarki. Ana ɗaukar faifan katako a bi shi da haƙoran injin, a fitar da tudu da kwari kamar igiyar ruwa, a goge, a shafa mai, sa'an nan a rataya a bango don ƙawa kawai. Abin lura shi ne, sawun sara da masassaƙin ƙauye ke ɓata yini yana shafewa daga jikin akushi, shi ne mai inji ke ƙirƙirowa da gangan, kuma don shi masu saye ke biyan kuɗi.

Wani zai ce ai mafita ta samu, a saya wa masassaƙan Gangara inji su huta. To, amma matsalarsu ba ta tsaya ga kayan aiki ba. Farin da aka yi a 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dama, sara don girki da faɗaɗa gonaki suka ƙara rage sauran. Bugu da ƙari, a 2020 'yan bindiga sun far wa Gangara da wasu ƙauyukan Sabon Birni, har shiga daji neman ice ya zama sayar da rai. Inji kuwa yana bukatar wuta ko mai, kuma saurinsa na nufin ya ci katako fiye da gizago.

Saboda haka, duk mai son sana'ar nan ta ɗore, kamata ya yi ya fara da shuka ƙirya da aduwa, ya kuma zaunar da yara gaban dattawan da suka san halin kowane ice tun suna raye. Itacen turmi yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya isa sara, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.