Ciwon Yayata Ba Irin Na Fim Ba Ne

Ni dai ɗan kallo ne, ban taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Ina da ɗan shago a Gwarzo inda nake cajin waya da tura wa matasa finafinai. Wadda ta sa mani son fim kuwa ita ce babbar yayata da ke aure a Kabo. Tun ina ɗan firamare ita ke ba ni kuɗi in karɓo mana hayar kaset, mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida mu kalli 'Sangaya' da 'Wasila' har a ɗauke wuta. Labarinta nake son ba ku, domin na san a cikin masu karanta wannan mujalla akwai wanda irin wannan jarrabawa ke cikin gidansu yanzu haka.

Duk mun san yadda ake ciwo a fim. Mutum zai faɗi, a kwashe shi sai asibiti, likita ya cire tabarau ya ce ana bukatar miliyan biyu. A yi kuka, a saka waƙa mai ban tausayi, can sai ga wani Alhaji ya fito daga mota ya rubuta cak. Wallahi da wannan tunanin na shiga lamarin, kuma na sha mamaki.

A farkon shekarar 2022 Yaya ta ji wani ɗan ƙullutu a mamanta na hagu. Ba ya ciwo, don haka ta yi shiru, ga kuma kunya. Da ya fara girma, dangin miji suka ce jifa ne, wasu suka ce daji ne kuma daji ba ya son allura. Wata biyar aka yi ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, tunkiya biyu suka tafi a nan. Sai da wurin ya fara ruwa sannan Inna ta ce, "Kai ɗan nan, ɗauko 'yar'uwarka mu tafi asibiti, na gaji da kallonta haka."

Daga babban asibitin Gwarzo aka tura mu Asibitin Malam Aminu Kano. Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya fito: sankarar mama ce. Likitar ta yi mana bayani a tsanake. Za a fara da ƙarin ruwan magani da ake kira kemo, duk bayan mako uku, kuma kafin kowanne sai an auna jini. Bayan nan tiyata, sannan gashi da na'ura. Ta ƙara da cewa da mun zo tun yana ɗan ƙarami, da aikin da kuɗin duk ba su kai haka ba. Wannan magana har yau tana ci mani rai.

Abin da ban sani ba shi ne, kuɗin wannan ciwo ba sau ɗaya ake biyansa ba. Kamar haya yake, kana gama biyan wannan na gaba ya tsaya a ƙofa. Ga kuɗin magani, ga na gwaji, ga na mota daga Kabo zuwa Kabuga, daga nan a hau adaidaita, mutum biyu zuwa da dawowa. Ga abinci mai kyau da aka ce lallai ta riƙa ci don jininta ya hau. Mijinta manomi ne, ya sayar da masarar da ya ajiye, ya jinginar da gona ɗaya. Keken ɗinkinta ya tafi, 'yan kunnenta na aure suka bi baya. Zuwa zagaye na uku mun tsaya cak.

A nan ne na tuna da Alhajin fim. Na zauna na rubuta wa wasu manyan jarumai saƙo a Instagram da Facebook, na haɗa da hoton takardun asibiti. Kullum sai na duba waya kafin in yi alwalar asuba. Shiru. Da farko na ji haushi, har na daina tura finafinan wani daga cikinsu. Daga baya na yi wa kaina faɗa. Mutum ɗaya saƙo nawa irin nawa yake samu a rana? Kuma sau nawa muka ga tsofaffin 'yan wasa da kansu suna neman taimakon kuɗin asibiti? Ashe su ma rigar ba ta kai musu ko'ina ba.

Taimako ya zo ta inda ban zata ba. Muna da wani zaure a WhatsApp na masoya finafinai, 'yan Gwarzo da Kabo da Getso da Garo, aikinmu musu a kan wane jarumi ya fi wane. Wani abokina ɗan acaɓa ya saka maganar ba tare da ya tambaye ni ba. Ya ce, "Jama'a, kuɗin data nawa muke ƙonawa a mako? Kowa ya kawo naira 200 duk Juma'a." Mutum 60 suka amsa. Lissafa ka gani: naira 12,000 a mako, naira 36,000 kafin kowane zagaye. Bai isa sayen magani ba, amma ya ɗauke mana mota da gwajin jini, kuma ba ya yankewa. Na ajiye gwangwanin madara a kan teburin shago, yaran da suka zo tura fim suna jefa canjinsu. Limamin unguwarmu ya yi sanarwa bayan sallah, wani ɗan kasuwa ya ba mu daga zakkarsa.

Sai kuma wata nas, Allah ya saka mata da alheri, ta tambaye ni ko mun je ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin. Ban ma san da shi ba. A can na ji abubuwa biyu da ya kamata kowa ya sani. Na farko, a shekarar 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tare da wasu ƙungiyoyin Amurka da kamfanonin magani sun ƙaddamar da shirin sayar da wasu magungunan kemo a kan rangwame, wani har kusan rabin kuɗi, kuma asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna cikin waɗanda aka fara da su. Na biyu, a 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa marasa galihu masu ciwon daji, wanda ya fara da asibitoci shida, na Shika da na Gombe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja suna ciki. An fara shi ne da ciwo iri uku: na mama, na bakin mahaifa, da na 'yar ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Ana cike takarda ta hannun asibiti, kwamiti ya bincika ya tabbatar da cewa mutum ba shi da hali.

Da lokacin gashi ya yi aka tura mu Zariya, muka bi ta Dayi da Malumfashi da Funtuwa. Na cike takardun, muka jira, Allah ya sa aka rage mana wani kaso. Gashin kullum ake yi, Litinin zuwa Juma'a, makonni a jere, don haka muka sauka gidan wani ɗan garinmu da ke sayar da kayan miya.

Akwai wata baiwar Allah da suke zama kusa da Yaya a ɗakin kemo, daga wani ƙauye ta yamma da mu. Ita ma mai son fim ce, su kan raba abin sauraro ɗaya suna kallo a wayata. Bayan zagaye na uku ba mu sake ganinta ba. Na kira lambar ɗanta, ya ce kuɗi sun ƙare, sun koma gida sai bayan kaka. Kafin a yi girbi ta rasu. Allah ya jiƙanta. Ciwonsu iri ɗaya ne da na Yaya. Ita dai ba ta samu mutum 60 masu kawo naira 200 ba, kuma babu wanda ya nuna wa ɗanta ƙofar wancan ofishi.

Yaya tana nan da ranta, alhamdu lillahi. An cire maman, gashin kanta ya sake fitowa, tana shan ƙwaya kullum tana zuwa a duba ta. Ba mu gama fansar gonar ba. Da aka fara rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, ita da kanta ta riƙe hannun 'yarta ta kai ta.

Roƙona ga marubuta da furodusoshi da daraktoci: ku yi mana fim ɗaya a kan wannan ciwo yadda yake. Ku nuna matar da ta ji ƙullutu ta je asibiti a makon, ku nuna layin biyan kuɗi, ku nuna ofishin neman tallafi. Matan ƙauyenmu sun fi jin maganarku a kan ta kowa.

Ku kuma 'yan'uwana 'yan kallo, kowannenmu yana cikin wani zaure ko kulob na wani jarumi. Muna haɗa kuɗin anko da na kek ranar zagayowar haihuwarsa. Ku ware ko naira 100 ce a mako, a samu amintattu biyu su riƙe littafi, a riƙa biya kai tsaye a asibiti a kawo rasit. Namu asusun bai tsaya ba, yanzu wani dattijo ne daga Kabo muke ɗauke wa kuɗin mota. Gwangwanin yana nan a kan teburina, duk wanda ya biyo ta Gwarzo zai gan shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Amin.