Zauren Kakanmu da Zaman Biko

A unguwarmu ta cikin birnin Kano, a shekarun 1980, in aka ce mace ta yi yaji ba wanda ke cewa aure ya mutu. Ta tafi gida ne don a san ranta ya ɓaci, saura kuma miji ya turo biko. Ba ya zuwa shi kaɗai, kunya ba ta barinsa. Waliyyinsa ne ko babban amininsa ke sallama bayan isha'i, da goro a aljihu.

Kakanmu ba mai unguwa ba ne, ba limami ba. Turare yake sayarwa a Kasuwar Kurmi, amma shi ne waliyyin yawancin 'yan matan danginmu, saboda haka zaurensa ake nufa. Aikina shimfiɗa tabarma da kunna fitilar ƙwai, daga nan in koma soron ciki, inda magana ke iso ni sarai.

Ba a fara zance da laifin kowa. Sai an gaisa an sake gaisawa, an tambayi iyali da kasuwa, sannan kaka ya ce: "Malam, amana muka ba ku. Zo mu zauna, zo mu saɓa, mun sani. To, me ya yi zafi?" Ya saurara har mai magana ya gaji. Amma ba ya cewa uffan sai ya ji daga cikin gida, don ya san yarinya ba za ta buɗe baki gaban maza ba. Gwaggonmu ce ke zama da ita a ɗaki, ita ake gaya wa cewa cefane ya yanke, ko an tauye rabon kwana, ko hannu ya fara kaiwa jiki. Sai Gwaggo ta zo bakin ƙofa ta ce: "Kada a rufe maganar nan da haƙuri, yarinyar nan da yunwa take kwana." Duk zaman, wannan muryar ce ta fi nauyi.

Daga baya na gane tsarin ba ƙirƙirar dattawa ba ne. Aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tsayar da mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata, su kuma suka mai da shi al'adar yau da kullum.

Wani auren kuwa ba ya gyaruwa, kuma a nan na fi jin kewarsu. Kaka yakan dage a tsaya a saki ɗaya, don ƙofar kome ta zauna a buɗe har idda ta cika. In matar ce ta ce ta gaji, a yi khul'i, a mayar da sadaki ba tare da an ƙara mata ko sisi ba. Kayan ɗaki nata ne, mata biyu daga kowane ɓangare su je a kwashe a gabansu. Maganar yara ce ke kai su dare. Al'ada na son uba ya karɓi ɗansa da an yaye shi, kaka kuwa sai ya tuna musu cewa a mazhabar Malikiyya uwa ce ke riƙon namiji har ya balaga, mace har ta tare, ciyarwa kuma a wuyan uba. Sai abu ya gagara ake zuwa wajen mai unguwa, gaban alƙali kuwa ƙarshen ƙarshe ne.

Ba kowane zaure ne ke da irin Gwaggonmu ba. Na san matan da aka mayar gidan duka da "yi haƙuri, aure ibada ne", waɗanda alƙali ya kamata ya ji kukansu tun farko. Wannan zalunci ne, kuma yana ci mini rai har yau.

Yanzu gari ya buɗe, ma'aurata na haya a Hotoro ko Rijiyar Zaki, nesa da dangi, saki kuma na zuwa ta saƙon waya. Hukumar Hisbah, wadda dokar Kano ta kafa a 2003, ta ɗauki kaso mai yawa na wannan aiki, har ta shirya auren zawarawa a 2012. Ina ganin ƙoƙarinsu. Sai dai jami'in da ya sasanta ku ba zai haɗu da ku a masallaci da asuba ba, kaka kuwa bayan mako guda sai ya aike ni da tuwo gidan da aka yi biko, in na dawo ya tambaye ni yadda na ga fuskar matar gidan.

Akwai yayarmu da aurenta ya ƙare a wannan zaure. Tsohuwar surukarta ba ta fasa aiko mata da naman layya ba har ta rasu, kuma da aka tashi aurar da 'yar da suka haifa, dangin nan biyu tare suka yi mata kayan ɗaki.